Ƙashi, Kashi da Sawu: Rayuwar Malalaciyar Ƙasa ta Zamanin Da

A shekarar 1787 wani limamin Kirista mai suna Manuel Torres ya sa aka tono waɗansu manya-manyan ƙasusuwa a gaɓar kogin Lujan, yamma da birnin Buenos Aires, a ƙasar da ake kira Ajantina a yau. A lokacin yankin yana ƙarƙashin mulkin Sifen, saboda haka aka zuba ƙasusuwan cikin akwatuna, jirgin ruwa ya kai su Turai, suka isa Madrid a 1788. Da labari ya kai kunnen Sarki Carlos na Uku, sai ya sa aka rubuta wa wakilinsa na can cewa a bincika ko za a sami irin wannan dabba da rai, ko da ƙarama ce, a aiko masa, in kuwa ba ta samu da rai ba a aiko da fatarta a cushe. Ba a iya cika wannan umurni ba, domin dabbar ta riga ta ƙare daga doron ƙasa fiye da shekara 10,000 kafin a haifi sarkin.

Bai kamata a yi wa sarkin dariya ba. A wancan zamani masana da yawa ba su yarda cewa wani jinsin halitta zai iya ƙarewa ƙurmus ba. Sun ɗauka duk dabbar da aka ga ƙashinta tana nan a wani ƙungurmin daji da ba a shiga ba tukuna. Mutumin da ya fara karanta ƙasusuwan daidai shi ne Georges Cuvier, wani matashin masani na Faransa, wanda a 1796 ya yi nazarinsu ta hanyar zane-zanen da suka zo hannunsa kawai, ba tare da ya taka Madrid ba. Ya sa wa dabbar suna Megatherium americanum, wato babbar dabba ta Amurka. Ya kuma ce, bisa ga fasalin ƙoƙon kanta da haƙoranta da faratanta, 'yar'uwar wata ƙaramar dabba ce da ke rataye a bishiyoyin Amurka ta Kudu. Abin ya yi kama da tatsuniya, amma bincike na shekara fiye da 200 ya tabbatar da maganarsa. Wancan ƙwarangwal yana nan tsaye har yau a gidan adana kayan kimiyya na Madrid.

Dangi da Asali

Ƙaramar dabbar da Cuvier ya ambata ba ta da suna a Hausa, domin babu ita a Afirka. A Ingilishi da Sifaniyanci ana kiranta da kalmar da ke nufin lalaci, saboda tsananin nawarta, don haka a wannan maƙala za a kira ta malalaciyar bishiya, a kira manyan danginta da suka shuɗe malalatan ƙasa. Nauyin ta bishiya bai cika wuce kilo 8 ba. Tana kwana tana wuni a rataye, ganye ne abincinta, kuma takan sauko ƙasa kamar sau ɗaya a mako don ta yi kashi. Ita kuwa Megatherium tsawonta daga hanci zuwa wutsiya ya kai mita 6, nauyinta kuma kimanin tan 4, wato sa'ar giwa ce.

Malalata suna cikin rukunin dabbobi masu shayarwa da ake kira Xenarthra, tare da amadilo mai sulke da kuma dabbar nan mai dogon baki da ke cin tururuwa a Amurka ta Kudu. Ma'anar sunan ita ce baƙin gaɓoɓi, domin a ƙashin bayansu akwai ƙarin mahaɗai da ba a samu a sauran dabbobi. A littattafan da an haɗa su rukuni ɗaya da dabgi da ɗankunya na Afirka, aka kira su marasa haƙori. Wannan rabon ya faɗi. Kamannin da ke tsakaninsu ya samo asali ne daga irin abinci da irin haƙa, ba daga jini ba.

Megatherium ba ita kaɗai ba ce. An gano jinsunan malalatan ƙasa masu yawan gaske, daga masu girman tunkiya zuwa masu girman giwa. Asalinsu Amurka ta Kudu, wadda ta yi miliyoyin shekaru a ware kamar tsibiri. Waɗansu sun tsallaka Amurka ta Arewa tun kimanin shekara miliyan 9 da suka wuce, kafin mashigin Fanama ya haɗe nahiyoyin biyu, har ɗaya daga cikinsu, Megalonyx, ta kai Alaska. Wata mai suna Thalassocnus ta koma kiwo cikin teku a gaɓar Feru, ƙasusuwanta suka yi nauyi don su taimaka mata nitsewa zuwa ga ciyawar ƙarƙashin ruwa. Charles Darwin ma ya tono ƙasusuwan malalatan ƙasa a Punta Alta ta Ajantina a 1832, kuma kamanninsu da dabbobin da ke raye a wannan nahiya yana cikin abubuwan da suka daɗe suna yi masa yawo a zuciya.

Tambayar da ta fi muhimmanci ga ɗalibin ilmin halittu ita ce: ta yaya ake sanin abincin dabba, da tafiyarta, da aikinta a muhallinta, alhali babu wani masani da ya taɓa ganinta da rai? Shaidu uku ake kira, ƙashi da sawu da kashi. A nan ne lanƙwasar da ke kan harafin ƙ take da babban aiki, domin ɗalibin da ya manta da ita a jarrabawa ya sauya shaida ke nan.

Abin da Ƙashi da Sawu Suka Faɗa

Wanda ya tsaya gaban ƙwarangwal ɗin Megatherium zai fara lura da cewa nauyin dabbar a baya yake. Ƙashin ƙugunta faffaɗa ne ainun, ƙashin cinya gajere ne mai kauri, wutsiya kuma kakkaura. Irin wannan gini na dabbar da ke iya miƙewa a kan ƙafafun baya ne, ta dogara da wutsiya ta zama kamar murhu mai duwatsu uku, hannuwanta kuma su sami damar janyo reshe zuwa baki. Faratan hannun dogaye ne masu lanƙwasa. Tafin ƙafar baya a karkace yake zuwa ciki, saboda haka da gefen ƙafa da dunduniya take taka ƙasa.

A 1986 ambaliyar teku ta yaye yashi a gaɓar Pehuen-Co ta Ajantina, sai ga ɗaruruwan sawaye na dabbobi da tsuntsaye a kan tsohon laka da ya taurare, masu shekara kimanin 12,000. A cikinsu akwai jerin manyan sawaye da aka danganta da Megatherium, tsawon kowanne ya kusa mita ɗaya, kuma galibinsu na ƙafar baya ne. Masana da yawa sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa dabbar takan yi tafiya da ƙafa biyu. Waɗansu kuwa sun ce mai yiwuwa ne babbar ƙafar baya ce take faɗawa kan sawun hannu ta shafe shi, kamar yadda sawun giwa ke danne na raƙumi. Wannan ƙalubale yana da ƙarfi, kuma ya nuna cewa ko shaidar da aka gani da ido tana bukatar fassara.

Haƙoran sun fi sawu bayani. Megatherium ba ta da haƙoran gaba. Tana da turame 18, biyar a kowane gefe na sama da huɗu a kowane gefe na ƙasa. Ba su da farin rufi mai ƙarfi irin na haƙorin mutum ko na saniya, amma suna ci gaba da tsiro muddin rai, saboda haka duk abin da tauna ta cinye sabo yana maye gurbinsa. A kan kowane turmi akwai tudu biyu masu kaifi, waɗanda ke shiga tsakanin na sama su yi yanka irin na almakashi. Bakin siriri ne, kuma alamun da ke ƙashinsa sun nuna leɓe mai ƙarfi da ke iya zaɓen ganye. Idan aka kwatanta da 'yan'uwanta Lestodon da Glossotherium masu faffaɗan baki, sai a ga bambanci irin na akuya da saniya: ɗaya tana tsinkar ganye da zaɓe, ɗaya tana share ciyawa da yawa. Wannan rabon abinci shi ya ba manyan dabbobi iri-iri damar zama a fili ɗaya ba tare da wata ta kashe wa wata kasuwa ba.

A 1996 waɗansu masana biyu na Uruguwai suka kawo ra'ayin cewa gwiwar hannun Megatherium an gina ta ne don saurin kai sara, don haka mai yiwuwa tana cin nama, ko da ta hanyar ƙwace mushe daga mafarauta. Ra'ayin ya yi farin jini, domin mutane suna son labarin dodo. Sai dai a 2017 an auna nau'o'in sinadaran kabon da naitirojin da ke cikin ƙasusuwanta, waɗanda ke bambanta tsakanin mai cin nama da mai cin tsiro, aka sami cewa tsiro take ci. Amma ba a rufe maganar ga dukkan dangin ba. A 2021 irin wannan awo da aka yi a gashin wata mai suna Mylodon ya nuna cewa ita takan haɗa da nama.

Taskar da ke Cikin Kogo

Ta yaya aka sami gashin dabbar da ta mutu shekara dubbai? A 1895 wani Bajamushe makiyayi mai suna Hermann Eberhard ya tsinci wata busasshiyar fata a wani babban kogo a kudancin Cile. Fatar tana da kauri, da gashi, kuma a cikinta akwai ƙananan ƙasusuwa kamar tsakuwa, waɗanda suka zame wa dabbar sulke. Sanyi da bushewar kogon sun adana ta har ta yi kamar ba ta daɗe ba, abin da ya sa a 1900 wata jaridar Landan ta tura ayari neman Mylodon mai rai. Sun dawo hannu rabbana. Daga baya awon kabon-14 ya nuna fatar ta haura shekara 10,000. A daɓen wannan kogo akwai kuma tarin kashin dabbar, wanda ya nuna ciyayi ne mafi yawan abincinta.

Mafi shaharar irin wannan taska ita ce ta kogon Rampart da ke kwazazzabon Grand Canyon a jihar Arizona ta Amurka. A can wata matsakaiciyar malalaciya mai suna Nothrotheriops shastensis, wadda girmanta bai wuce na ɗan maraƙi zuwa saniya ba, ta yi ta fakewa zuriya bayan zuriya, tana barin curin kashinta har ya yi hawa-hawa. Na ƙasa ya kai shekara 40,000, na sama kuwa kimanin 13,000. Tun da hawa na ƙasa ya girmi na sama, sai tarin ya zama kamar littafi mai shafuka a jere.

Hanyar karanta shi ba ta da wuya a fahimta. Fatar ganye tana da wani siririn rufi da ciki ba ya narkarwa, kuma zanen ƙwayoyin da ke kan wannan rufi ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro. Mai bincike yakan jiƙa ɗan gutsuren kashi, ya wanke, ya shimfiɗa a gilashi, ya duba da madubin ƙara girma, sannan ya kwatanta da ganyayen da aka sani. Wani nazari da aka buga a 1978 ya gano tsirrai iri 72 a kashin kogon Rampart. Wajen rabin abin da aka gani wani tsiron hamada ne ɗan gidan su kuɓewa da rama da auduga, sauran kuma ƙananan itatuwan fako ne da tsirrai masu ƙaya da masu ɗanɗanon gishiri. A 1998 an ciro kwayoyin gado na DNA daga kashin irin wannan dabba da aka samo a kogon Gypsum na jihar Nevada, suka bayyana dabbar da ta yi shi da kuma tsirran da ta ci.

Abin takaici, a 1976 wuta ta kama a kogon Rampart ta hannun waɗansu da suka shiga ba da izini ba. Duk wanda ya taɓa hura wuta da kandilo ya san yadda take ci a hankali ba ta mutuwa. Ta yi watanni tana ci, ta lashe mafi yawan tarin da ya ɗauki shekara dubbai yana taruwa.

Malamin da ke son ɗalibansa su gane wannan hanya ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada. A samo busasshen kashin awaki ko na shanu da rani, a jiƙa a ruwa, a tace da rariya, a ware 'ya'yan itatuwan da suka fito, kamar na gawo da na bagaruwa. A shuka su a gwangwani ɗaya, a shuka waɗanda aka ɓare daga kwanso a wani gwangwanin, a riƙa ba su ruwa daidai wa daida, ana ƙirga waɗanda suka tsiro kowace rana. A tabbata an wanke hannu da sabulu bayan aikin.

Aikinta a Muhalli

Wannan gwaji yana kai wa ga babbar magana. Dabbar da ke haɗiye 'ya'yan itace ta yi tafiya mai nisa kafin ta kasayar da su manomiya ce, domin ta kai iri sabon wuri ta kuma ajiye shi cikin taki. A kashin kogon Gypsum an sami ganye da 'ya'yan wata bishiyar hamada da ake kira Joshua. A yau ƙananan ɓeraye ne suke ɗaukar irinta, kuma ba sa kai shi nesa da uwar. Waɗansu masana suna ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa bishiyar take kasa ƙaura zuwa wurare masu sanyi yayin da zafi ke ƙaruwa a mazauninta.

A 1982 Daniel Janzen da Paul Martin suka faɗaɗa wannan tunani. Suka ce a dazuzzukan Amurka ta Tsakiya akwai bishiyoyi masu manyan 'ya'ya da ƙwallo mai tauri, waɗanda ke zuba su ruɓe a gindi domin babu dabbar da za ta iya haɗiye su, kuma dalili shi ne masu haɗiyar sun ƙare. A Afirka ana iya ganin irin wannan dangantaka da rai. A dajin Kibale na Uganda akwai wata 'yar'uwar aduwa mai babban ƙwallo wadda kusan giwa kaɗai ke yaɗa ta, kuma irin da ya bi ta cikin giwa ya fi tsirowa. Sai dai a yi hattara da labarin da ya bazu cewa malalatan ƙasa ne suka yaɗa fiya. Labari ne mai daɗin ji, amma ba a sami ƙwallon fiya a kashin ko ɗaya daga cikinsu ba. Hasashe ne, kuma a matsayin hasashe ya kamata a koyar da shi.

Akwai kuma aikin haƙa. A kudancin Birazil an gano ramuka fiye da 1,000 a cikin tuddai, waɗansu mutum yana iya tafiya a tsaye cikinsu, kuma a bango da rufinsu akwai zanen farata a jere. Ruwa ba ya haƙa rami mai irin wannan siffa. Ƙananan ana danganta su da manyan amadilo, manyan kuwa da malalatan ƙasa masu ƙarfin hannu. Game da taki, wani lissafin kwamfuta da aka buga a 2013 ya kiyasta cewa ƙarewar manyan dabbobi ta rage yaɗuwar sinadarin fosfaras daga bakin koguna zuwa cikin dajin Amazon da fiye da kaso 98 cikin 100. Kiyasi ne ba awo ba, amma hanyar da ya nuna a fili take: dabba ta yi kiwo a fadama mai albarka, ta je ta zubar a tudu.

Yadda Suka Ƙare

A ƙarshen zamanin ƙanƙara, tsakanin shekara 13,000 zuwa 10,000 da suka wuce, malalatan ƙasa suka ɓace daga nahiyoyin Amurka biyu. Ba su kaɗai ba. Amurka ta Kudu ta rasa kimanin kaso 80 cikin 100 na rukunonin manyan dabbobinta masu shayarwa. Abu biyu ne suka faru kusan lokaci guda, yanayi ya yi ɗumi ciyayi suka sauya, kuma mutane suka bazu a nahiyoyin. Masana sun daɗe suna jayayya a kan wanne ne sanadi.

Cewa mutane sun yi arba da waɗannan dabbobi babu shakka a ciki. A Campo Laborde ta Ajantina an sami ƙasusuwan Megatherium tare da kayan aikin dutse da alamar yanka a haƙarƙari, masu shekara kimanin 12,600. A White Sands ta jihar New Mexico an ga sawun mutum a cikin sawun malalaciya, yana bin ta taki bayan taki, har zuwa inda alamu suka nuna ta miƙe tsaye tana juyi. Amma hujja mafi nauyi daga tsibirai ta zo. A Kyuba da Hisfaniyola akwai ƙananan malalatan ƙasa, kuma sauyin yanayi bai tsallake waɗannan tsibirai ba, duk da haka dabbobin suka rayu dubban shekaru bayan 'yan'uwansu na nahiya sun ƙare. Mutane sun isa tsibiran kimanin shekara 6,000 da suka wuce, ƙashin malalaciya mafi ƙuruciya da aka auna a Kyuba kuma bai kai shekara 5,000 ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ga kuma shaidar kogon Rampart, inda tsirran da dabbar take ci suna nan a yankin har yau, abin da ke raunana zancen cewa yunwa ce ta kashe ta.

Wannan ba ya nufin an yi musu kisan gilla cikin dare ɗaya. Akwai alamun cewa mutane sun shiga Amurka tun fiye da shekara 20,000 da suka wuce, wato an yi zaman tare mai tsawo. Babbar dabba ba ta haihuwa da yawa, kuma ɗanta yana daɗewa bai balaga ba. Idan abin da ake kashewa a shekara ya ɗara abin da ake haifa ko da kaɗan ne, garke zai yi ta raguwa har ya ƙare ba tare da wani mafarauci ya lura ba, musamman a lokacin da sauyin yanayi ya riga ya rarraba makiyaya. Lissafin da ke barazana ga giwayen da suka rage a Yankari ke nan.

Malalatan da suka tsira su ne na bishiya, masu farce biyu da masu farce uku. An daɗe ana ɗaukar su tamkar wa da ƙane saboda kamanninsu. A 2019 bincike biyu, ɗaya a kan DNA ɗaya a kan sinadarin furotin na tsofaffin ƙasusuwa, suka nuna cewa mai farce biyu ta fi kusa da Mylodon, mai farce uku kuwa ta fi kusa da Megatherium da Nothrotheriops. Kowace daga cikinsu ta koyi rataya a reshe ne ta hanyarta daban.